Sojan Ko-ta-kwana a Birtaniya: Yadda Ake Nema da Inda Ake Tuntuɓe

(Kiɗan buɗe shiri)

 Yau za mu leƙa Birtaniya ne, mu duba wani irin aikin soja da mutum zai yi ba tare da ya ajiye sana'arsa ba. Direban bas ne shi daga Litinin zuwa Juma'a, ko malamin jinya, ko mai gyaran kwamfuta, amma ranar Asabar sai ka gan shi cikin kaki yana rarrafe a taɓo da bindiga a hannu. Su ne sojojin ko-ta-kwana. Muna da 'yan uwa da yawa a Landan da Manchesta da Birmingham waɗanda wannan aiki ke ba su sha'awa, muna kuma da matasa a gida da ake ruɗa da labarin cewa hanya ce ta samun biza. Saboda waɗannan da waɗancan muka ɗauko batun, kuma za mu bi shi daga cike takarda har zuwa ranar da wasiƙar kira za ta iso ƙofar gida.

Rundunar ba sabuwa ba ce. A shekarar 1908 aka kafa ta, a zamanin da Richard Haldane ke ministan yaƙi, bayan wuyar da Turawan Ingila suka sha a yaƙin da suka yi da Boer a Afirka ta Kudu, inda suka ga cewa sojojin dindindin kaɗai ba sa isa idan rikici ya yi tsawo. Daga 1921 an san ta da sunan Territorial Army, har zuwa 2014 da aka mai da ita Army Reserve. Sauyin sunan yana da dalili. A lokacin gwamnati ta yanke shawarar rage sojojin ƙasa na dindindin daga dubu 102 zuwa dubu 82, ta kuma ce za ta cike giɓin da 'yan ko-ta-kwana dubu 30 masu cikakken horo. Wato dai an daina kallonsu a matsayin 'yan tsaron gida da ake tunawa da su sai ranar fareti, an sa su cikin lissafin yaƙi. Sojojin ruwa da na sama su ma suna da nasu 'yan ko-ta-kwanan, amma na ƙasa sun fi yawa, a kansu za mu tsaya.

Abin da ake bukata daga mutum a shekara, a mafi yawan rukunoni, kwana 27 ne. A cikinsu akwai zaman sansani na mako biyu a jere, saura kuma a raba su tsakanin ƙarshen mako da horon dare ɗaya a kowane mako, yawanci Talata ko Laraba bayan an tashi daga aiki. Akwai wasu rukunoni na ƙwararru, irin na likitoci da injiniyoyi, da ke ɗibar mutane daga duk faɗin ƙasar, su kwana 19 ake nema daga gare su. A baki ba shi da yawa. Amma mai aikin dare a gidan kula da tsofaffi, wanda ke da yara uku da haya a wuya, ya san kwana 27 ba ƙaramin abu ba ne.

To, bari mu zo ƙofar farko, wadda ita ce ta fi mayar da mutanenmu baya. Ba ƙarfi ake fara tambaya ba, ba kuma ilimi ba. Takarda ake tambaya. Wanda zai shiga dole ya kasance ɗan Birtaniya, ko ɗan Ailan, ko ɗan wata ƙasa ta ƙungiyar Kwamanwel, wato ƙasashe renon Ingila da waɗanda suka shiga ƙungiyar daga baya. Najeriya tana ciki, Gana tana ciki, Kamaru ma ta shiga a 1995. Nijar da Chadi da Sudan ba sa ciki, don haka ɗan Maraɗi ko Damagaram da ke zaune a Ingila ba shi da hanya sai ya zama ɗan ƙasa tukuna. Shi kuma ɗan Kwamanwel ɗin, fasfonsa kaɗai bai isa ba. Sai yana da izinin zama na dindindin, wanda mazauna can ke kira ILR. Mai bizar karatu ba ya ciki. Wanda ya zo da bizar aikin kula da marasa lafiya ba ya ciki. Wanda ya zo ziyara balle shi.

Ku saurari wannan da kyau, don nan ne 'yan damfara ke cin kasuwa. Shiga rundunar ko-ta-kwana ba ya ba mutum takardar zama. Takardar ce ke ba shi damar shiga. Abin da ke rikita mutane shi ne, a watan Nuwamba na 2018 gwamnatin Birtaniya ta sassauta wa 'yan Kwamanwel sharaɗin zaman shekara 5 kafin su nemi aikin soja na dindindin, ta ce za ta riƙa ɗaukar har mutum 1,350 a shekara. Wannan magana ce ta sojojin dindindin, ita ma ƙofa ce da ake buɗewa a rufe gwargwadon bukata. Ba ta shafi 'yan ko-ta-kwana ba. Saboda haka duk wanda ya same ka a Kano ko Kumasi ya ce ka kawo kuɗi zai sa sunanka a rundunar ko-ta-kwana ta Ingila, ka riƙe aljihunka. Takardar neman aikin kyauta ce, a shafin rundunar na intanet ake cike ta, kuma babu wani dillali a tsakani. Ni a ganina duk wanda ya fara da maganar kuɗi ma ya riga ya gaya maka ko shi wane ne.

Shekaru kuwa, ana iya fara nema tun mutum yana da shekara 17 da wata 9, amma ba za a rantsar da shi ba sai ya cika 18. A sama, ana karɓar takardar mai neman zama ƙaramin soja har zuwa shekara 42 da wata 6, na masu neman hafsa ya ɗan zarce haka. Kun ga ke nan magidanci ma bai makara ba. Yawancin ayyukan ƙaramin soja ba sa bukatar wata babbar shaidar karatu, sai dai a iya Turancin da za a ji umarni a kuma cike takarda. Ayyukan fasaha su ne ke neman sakamakon jarabawar lissafi da kimiyya. Mata kuma, tun daga 2018 babu wani aiki a rundunar da aka hana su nema, har da na dakarun gaba-da-gaba.

Shawarar da zan ba mai niyya ita ce, kafin ya taɓa kwamfuta ya tashi ya je cibiyar 'yan ko-ta-kwana mafi kusa da shi a daren da suke horo. Ƙofa a buɗe take, kuma kowane rukuni yana da sajan ɗin da aikinsa ke nan, karɓar baƙi da yi musu jagora. Dalilin zuwan shi ne, a wannan tsari ba rundunar gaba ɗaya kake shiga ba, wani rukuni kake shiga, a wani gari, mai wani aiki. Idan cibiyar da ke unguwarku ta masu jigilar kaya ce, kai kuma burinka aikin sadarwa, to ko dai ka sauya buri ko ka yarda da tafiyar awa guda kowane mako cikin sanyin hunturu. Mutane da yawa sun zaɓi aiki don sunansa ya yi musu daɗi, bayan wata shida nisa ya gajiyar da su. Ka je ka ga fuskokin da za ka yi shekaru da su, ka tambaye su sau nawa ake kiransu, ka ji ta bakin wanda ya shiga bara. Bayan nan sai ka cike takardar, a haɗa ka da jami'in da zai riƙa bin lamarinka, a buɗe maka shafin da za ka riƙa ganin inda maganarka ta tsaya.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan yadda ake neman shiga rundunar ko-ta-kwana ta Birtaniya, kuma mun iso kan batun lafiya. A nan zan ɗan daɗe, don nan ne aka fi zubar da mutane.

Da farko akwai tambayoyi da za ka amsa da kanka a intanet. Ka taɓa yin asma? Farfaɗiya fa? Ciwon suga? An taɓa yi maka aiki a gwiwa ko a baya? Ka taɓa shan maganin damuwa? Daga nan sai ka sa hannu ka ba su izini su karɓi tarihin lafiyarka daga wurin likitan unguwar da kake rajista da shi. A Ingila duk abin da ka taɓa kai wa likita a rubuce yake, har tarin da ka yi kana ɗan shekara tara aka ba ka abin shaƙa. Likitocin rundunar za su ɗora amsoshinka a kan wannan tarihi su gwada. In sun saɓa, matsalar ta tashi daga ta lafiya ta koma ta gaskiya, kuma wannan ta fi wuyar gyara. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Wanda ya faɗi cewa ya yi asma yana yaro amma ya yi shekaru bai sha magani ba, ana iya duba lamarinsa a wuce da shi. Wanda ya ɓoye aka gano, ya rufe wa kansa ƙofa. Kuma ko an ƙi mutum saboda lafiya, yana da damar ɗaukaka ƙara, ya kawo wasiƙar likita ko sabon gwaji da ke nuna cewa abin da aka rubuta kuskure ne ko ya wuce.

Wanda ya girma a gida ya zo Ingila da girmansa yana da wata wahalar ta daban. Tarihin lafiyarsa na can bai wuce na shekara biyar ko shida ba, na ƙuruciya kuma yana cikin wani kati da aka bari a asibitin garinsu. Gara tun da wuri ya nemi a haɗo masa abin da ya samu, katin rigakafi, takardar wani aiki da aka taɓa yi masa, kafin a tambaya.

Sai maganar sikila, wadda ta shafe mu kai tsaye. A watan Nuwamba na 2019, wasu samari biyu, ɗaya daga Gana ɗaya daga Malawi, sun yanke jiki sun faɗi a lokacin gwajin gudu a cibiyar tantancewa ta Lichfield, kwanaki kaɗan tsakaninsu, kuma dukansu suka rasu a asibiti. Aikin soja na dindindin suka zo nema, amma gudun da suka yi shi ne wanda mai neman ko-ta-kwana ke yi. Bincike ya nuna su biyun suna ɗauke da ƙwayar sikila a jininsu, irin wadda muke kira AS. Ma'aikaciyar da ke binciken musabbabin mutuwa a Birmingham ta rubuta wa hukuma gargaɗi, daga nan rundunar ta shigo da tantance jini kafin a bar mutum ya yi gudun.

Mu a gida mun saba jin maganar AS ne idan an zo batun aure. Ana cewa mai AS lafiyarsa ƙalau, kada dai ya auri mai AS. A rayuwar yau da kullum haka ne. Amma idan aka matsa wa jiki iyakar matsawa, ga ƙishirwa, ga zafi, ga mutum ya ƙudurta sai ya ci jarabawa ko ta halin ƙaƙa, naman jiki na iya fara narkewa ya toshe ƙoda, abin ya zama na rai da mutuwa cikin awoyi. Kusan mutum 1 cikin 4 a Najeriya yana ɗauke da wannan ƙwaya, da yawa kuma ba su sani ba. Mai cutar sikila sosai, wato SS, ba a ɗaukarsa. Mai AS ba a korarsa saboda wannan kaɗai, sai dai a bi da shi a hankali, a riƙa ƙara masa nauyin motsa jiki kaɗan-kaɗan har jikin ya saba. Don Allah wanda bai san nau'in jininsa ba ya je ya gwada kafin ya fara atisaye shi kaɗai a filin unguwa. Wannan ma ba sai mai neman sojan Ingila ba. Duk matashin da ke shirin zuwa tantancewar soja ko ta 'yan sanda a gida, maganar ta shafe shi.

Idan takardun lafiya sun wuce, sai a gayyace ka cibiyar tantancewa. Akwai ta Pirbright a kudancin Ingila, da ta Lichfield da muka ambata, da ta Glencorse kusa da Edinbara a Sikotland, da wata a Ailan ta Arewa. Kwana biyu ake yi, rundunar ce ke biyan kuɗin jirgin ƙasa da abinci da makwanci. Likita zai duba ka daga sama har ƙasa, ido da kunne da gaɓoɓi, a auna bugun zuciya da na'ura, a gwada tsawonka da nauyinka. Akwai jarabawar kaifin basira a kwamfuta, wadda ba karatun makaranta take aunawa ba, saurin fahimta take aunawa, kuma makin da ka samu shi ke nuna ayyukan da za ka iya nema. Gwajin ƙarfi iri uku ne. Za ka zauna ka jingina da bango ka wurga ƙwallo mai nauyin kilo 4 daga ƙirji. Za ka tsaya ka ja wani ƙarfe da ba ya motsi, na'ura ta auna ƙarfin jan. Sannan gudun kilomita 2. Lokacin da ake so ya danganta da aikin da ka zaɓa, masu saukar laima su aka fi tsananta wa, minti 8 da daƙiƙa 15, na direba ko mai dafa abinci kuwa da sauƙi sosai a kan haka.

Akwai kuma wani gwaji da mutanenmu kan raina, alhali yana da maki. Za a haɗa ku rukuni a ba ku katakai da igiya da ganga a ce ku tsallaka wani wuri ba tare da ƙafa ta taɓa ƙasa ba. Ba tsallakawar ake kallo ba, yadda kake mu'amala ake kallo. Tarbiyyarmu ta kawaici da jiran sai babba ya yi magana abin yabo ce a zaure, amma a nan jami'in da ke tsaye da takarda zai rubuta cewa ba ka ce komai ba. Haka nan a ganawar ƙarshe, sunkuyar da kai da muke yi don girmamawa, shi Bature yakan ɗauke shi rashin tabbas. Ka dube shi, ka yi magana a ji ka, ka san sunan rukunin da kake nema da aikin da suke yi da dalilin da ya sa kake so. Ba rashin kunya ba ne, al'adar wurin ce.

Binciken hali ba zai ɗauke mu lokaci ba. Za a tambayi duk inda ka zauna a shekarun baya, da ko ka taɓa shiga hannun hukuma. Ba kowane laifi ke hana shiga ba, wasu sukan goge bayan wani lokaci a ƙarƙashin dokar 1974 ta sake karɓar masu laifi cikin al'umma, amma ɓoyewa laifi ne sabo. Zanen jiki na batsa ko na nuna ƙiyayya ga wani jinsi yana hanawa. Ƙwaya kuwa babu sassauci. Rundunar tana gwajin fitsari ba sanarwa, 'yan ko-ta-kwana ma ba a bar su ba, wanda aka samu da wiwi ko hodar iblis a jikinsa yawanci korar ke nan. Wasu ayyuka, kamar na leƙen asiri da wasu sassan sadarwa, suna bukatar mutum ya zama ɗan ƙasa ya kuma daɗe a cikinta, don haka mai fasfon Najeriya ko Gana ya tambaya tun farko waɗanne ne a buɗe gare shi.

Sai haƙuri. A 2012 aka ba wani kamfani mai zaman kansa, Capita, aikin tafiyar da ɗaukar sojojin ƙasa tare da rundunar, kuma an sha kuka da jinkirinsa. Ofishin babban mai binciken kuɗin gwamnati ya fitar da rahoto a watan Disamba na 2018 da ya nuna cewa mai neman aikin dindindin na iya kai wa kwana 321 daga cike takarda zuwa fara horo, kuma kusan rabin masu nema sukan gaji su janye da kansu. Yawancin tsaikon daga jiran takardun likita yake. Wanda ya je asibitin unguwarsa da ƙafarsa ya roƙi a tura takardun ya fi wanda ya zauna jiran saƙo. A wannan tsakanin rukunoni da yawa sukan bar mai nema ya riƙa zuwa daren horo yana motsa jiki da su, ko da bai sa kaki ba.

(Kiɗa)

Wanda ya tsallake duk wannan, sai ranar rantsuwa. A cibiyar rukuninsa ake yi, gaban wani hafsa, ya yi alkawarin biyayya ga Sarki Charles na Uku da magadansa da hafsoshin da aka ɗora a kansa. Wanda ba ya so ya rantse, akwai lafazin alkawari da babu rantsuwa a ciki, kuma daidai suke a wurin doka. Daga nan a ba shi lamba da kaki. Horon farko kashi biyu ne. Na ɗaya ana iya rarraba shi a ƙarshen makonni ko a yi shi a dunƙule, a koyi fareti da sarrafa bindiga da karanta taswira da agajin gaggawa. Na biyu mako biyu ne cur a bariki, da kwanan daji da harbi da harsashi na gaske. Bayan nan ne ake koyon sana'ar da mutum ya zaɓa. Mai son zama hafsa hanyarsa daban, sai ya bi ta hukumar zaɓen hafsoshi da ke Westbury, sannan ya je Sandhurst, makarantar nan da Janar Yakubu Gowon da Janar Murtala Muhammad suka yi.

Na san akwai masu tambaya a zuci, to addini fa? Akwai abincin halal har a cikin ƙunshin guzurin da ake ba soja a daji. Ana ba da damar salla gwargwadon yadda aiki ya bari, mata na iya sa ɗankwali da kaki in dai bai zama haɗari a wurin aiki ba, gemu kuma da ma ana barin sa saboda addini, daga 2024 aka buɗe wa kowa. Tun 2005 rundunonin ƙasar ke da limamin Musulmi, wanda ya fara riƙe muƙamin shi ne Imam Asim Hafiz, akwai kuma ƙungiyar Musulmin da ke aikin soja da aka kafa a 2009. Azumi ne kan zo da wuya idan ya faɗo a kan mako biyun sansani, musamman lokacin bazara da rana kan yi awa goma sha shida ba ta faɗi ba. Wannan sai mutum ya yi magana da kwamandansa da malaminsa tun da sauran lokaci.

Amma tambayar da ta fi abinci da gemu nauyi ita ce ta inda za a tura ka. A 2003 an kira dubban 'yan ko-ta-kwana zuwa yaƙin Iraƙi. An tura su Afganistan shekara da shekaru, wasu a akwati aka dawo da su. An kuma kira su a 2020 lokacin annobar korona suka yi aikin gwaji da jigilar kayan asibiti. Soja ba ya zaɓen wanne zai je. Ba ni ne zan yanke wa kowa hukunci a kan wannan ba, amma wanda zuciyarsa ba za ta ɗauki a tura shi wata ƙasar Musulmi da bindiga ba, ya yi wannan tunanin kafin ya ɗaga hannu, ba bayan wasiƙa ta zo ba. Ya kuma zauna da mai ɗakinsa da iyayensa ya gaya musu gaskiyar abin da zai sa wa hannu. Hajiya da ke gida tana zaton ɗanta wasan motsa jiki yake zuwa ranar Asabar, bai kamata ta fara jin labari daga filin jirgi ba.

Dokar 1996 ta rundunonin ko-ta-kwana ita ta ba gwamnati ikon kira. Yawanci ana fara neman waɗanda suka nuna suna so, ana kuma ƙoƙarin ba da sanarwar kwana 28, amma kiran in ya zo umarni ne, kuma yana iya ɗaukar har wata 12 idan aka haɗa da shiri da hutun dawowa. Wanda ke da uzuri mai ƙarfi, kamar jinyar wani nasa ko jarabawar ƙarshe, yana da kwana 7 ya nemi a ɗage masa ko a yafe. Mai gidan da yake wa aiki ma yana da wannan damar idan tafiyar za ta durƙusar da kasuwancinsa.

Tunda mun ambaci mai gida, ku sani ba a ɓoye masa. Ma'aikatar tsaro da kanta take rubuta masa cewa ma'aikacinsa ya shiga. Doka ba ta tilasta masa ya ba ka hutun zuwa horo ba, ko da yake ma'aikatun gwamnati da manyan kamfanoni da yawa suna bayarwa, wasu har da albashi. Abin da doka ta hana shi ne ya kore ka don ana iya kiranka, kuma dokar 1985 ta wajabta masa ya mayar da kai bakin aikinka in ka dawo. Sai dai akwai sharaɗin da mutane ke mantawa cikin murnar dawowa gida. Dole ka rubuta masa cewa kana son komawa, kada ya wuce Litinin ta uku bayan ranarka ta ƙarshe a aikin da aka kira ka. Mai aikin kansa kuwa, direban tasi ko mai shago, shi ne mai gidan kansa, sai ya lissafa wa zai riƙe masa in ya yi wata tara ba ya nan.

Kuɗi fa? Ana biyan kowace rana da ka yi horo, a kan ma'aunin albashin sojan dindindin mai irin muƙaminka, daren horo kuma rubu'in yini ake lissafa shi. Wanda ya cika kwanakinsa na shekara ya kuma ci gwaje-gwajensa yana samun wata kyautar kuɗi da ba a cire mata haraji, tana ƙaruwa kowace shekara har zuwa ta biyar. Tun 2015 ana tara musu fansho. In an kira mutum kuma albashin soja bai kai abin da yake samu a waje ba, yana iya neman a cike masa, zuwa wani iyaka. Duk da haka ba abin da za a riƙe gida da shi ba ne. Abin da na ga ya fi kuɗin amfani shi ne lasisin tuƙa babbar mota da shaidar koyon sana'a da mutum kan samu kyauta, waɗanda zai ci gajiyarsu a aikinsa na farar hula. Wanda kuma ya gwada ya ga ba zai iya ba, yana iya neman sallama ya mayar da kayan gwamnati, in dai ba a riga an kira shi ba.

Ƙa'idojin shekaru da na lafiya da na kuɗi sukan sauya, don haka mai niyya ya duba shafin rundunar a ranar da zai nema, ya tafi cibiyar da fasfonsa da shaidar izinin zamansa da lambar inshorarsa ta ƙasa.

  

(Kiɗan rufe shiri)